'Yar Fari a Bayan Labule

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma har furfura ta fara fito mini ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Wanda ya tashi a wajenmu ba zai ga abin mamaki a nan ba. Mace tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama su yi hira ido da ido. Sai dai tawa uwar ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa a ƙauyenmu da ke ɓangaren Furana. Danginta Fulani ne da suka daɗe da zama suna noma, kuma ko a cikinsu ana ba da labarin kunyarta.

Ana yaye ni kakata ta wajen uwa ta ɗauke ni. A hannunta na girma tare da ƙannen mahaifiyata. Su suna ce mata Adda, ni ma na bi bakinsu, har yau kuma Adda nake ce mata. Ita kuwa in za ta ambace ni sai ta ce "waccan". Da na yi aure a Makarfi na samu ƙarin girma, na koma "mutuniyar Makarfi". In na je gaishe ta na durƙusa daga bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon ƙwaryar da take wankewa. In tana so in ci abinci, sai ta ce wa ƙanwata, "A tambayi baƙuwa ko za ta ci dambu." Ina zaune a wurin fa, da kunnuwana biyu.

Ƙanwar tawa, autarmu, ita ce 'yar gaban goshi. Su baje a tabarma ɗaya, ta yi wa Adda tsifa, su yi ta ƙus-ƙus suna dariya. Ni kuma Allah ya yi ni da baki da saurin hawa, koyarwa a firamare kuma ta ƙara mini. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba. Na girma ina ganin Adda ba ta san komai a kaina ba. Abin da nake so, abin da nake tsoro, duk kakata ce ta sani. Ita ta san ranar da masu allurar rigakafi suka zo ƙauye na kurma ihu na faɗa gonar dawa, sai da ƙarti suka kamo ni. Har kakata ta rasu tana tsokanata da wannan, kuma har yanzu in na ga allura hanyar gudu nake nema.

Shekarar da Adda ta kwanta, lokacin yankan rake ne, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila ya cika gari. Autar tana gidanta a Likoro, ta haihu, tana wankan jego, babu halin fita. Matar ƙanena ce ta kira ni a waya ta ce Adda ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Na hau mashin na tafi. Na same ta zaune ta jingina da bango, leɓenta ya yi fari, tafin hannunta kamar an wanke shi da toka. Na ce a tashi, Makarfi za mu. Ta ce wa matar ƙanen nawa, "A ce mata jiri ne, zai wuce." Na ce a ce mata ba na ji.

Zamanta a gidana wani aiki ne. Ga kunyar 'yar fari, ga kunyar suruki. Maigidana ya koma shiga gidansa da sanɗa kamar ɓarawo. Abinci sai na ajiye na fita kafin ta taɓa. Kayanta kuwa ba ta yarda na wanke ko ɗankwali ba. Tana layi tana dafa bango, haka za ta ja bokiti zuwa bayan banɗaki ta wanke zannuwanta, ta shanya su can inda ba a gani. Na yi faɗa har na gaji, na ce ai shi ke nan, kunyar ce ta motsa.

Na kai ta asibiti. Likitan yaro ne matashi mai ladabi, Mama yake ce mata. Adda ba ta ɗaga murya, in kuma ta rikice sai Fillanci ya riƙa shigo mata cikin Hausa, saboda haka na tsaya a kanta ina maimaita masa abin da ta ce.

"Mama, me yake damunki?"

"Jiri."

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan."

Ya sa aka auna jininta, ya ce ya yi ƙasa sosai. Ya tambaye ta ko tana ganin jini a wani wuri, ko a bayan gida, ko a fitsari, ko ta wata hanya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce lafiya lau. Ya rubuta maganin ƙarin jini da na zazzaɓi da na tsutsar ciki, ya ce a dage da zogale da wake da hanta. Na dage. Duk zogalen maƙwabta sai da na tsige shi. Da muka koma, jinin ya ƙara sauka. Ya sake tambaya, ta sake rufe fuska. Sai ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya. Ya ce jinin nan fita yake ta wani wuri, in ba a san ta ina ba, zuba ruwa ne kawai ake yi a fasasshen tulu, kuma a shekarunta jiki ba zai daɗe yana jurewa ba.

Ranar a gida na manta da duk wata kara. Na tsaya a tsakar ɗaki na ce, "Adda, ki faɗi abin da ke damunki mana! Mutuwa kike so ki yi a hannuna a ce ni na kasa?" Ta juya ta fuskanci bango. Can ta ce, kamar da bangon take, "Mutuniyar Makarfi ta cika faɗa."

Ba a jima ba ta sake faɗuwa, wannan karon a bakin rijiya. Aka ba ta gado a ɗakin mata. A nan na haɗu da Sista.

Ita ce babbar nas ta ɗakin matan. Labarinta kowa ya san shi a yankinmu tun kafin ya gan ta. 'Yar wata ruga ce kusa da Dandamisa. Tana yarinya ta ɗauki ƙwaryar nono zuwa kasuwar Makarfi kamar kowace 'yar Fulani, kuma ita ce mace ta farko a rugarsu da ta wuce firamare. Ta yi makarantar nas, ta yi aiki a Kaduna shekaru, aka so ta zauna can, ta ce gida za ta dawo. Matan ƙauye ba sa cewa za su asibiti, cewa suke za su wajen "tamu". Ni na zaci zan ga wata ƙatuwar mace mai tsawa. Sai ga 'yar siririya, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, da fararen kaya da zanen Fulani a gefen bakinta.

Da safe suka shigo zagaye ita da likita. Ba ta tsaya a kan Adda ba. Ta tsuguna a gefen gado har kanta ya yi ƙasa da na Adda, ta soma gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida, yaya aka ji da girbi. Ta gama da Hausa ta juya Fillanci ta sake sabon lale, har shanu sai da aka tambaya. Ni ina tsaye ina ta murza hannu. Da abin ya ishe ni na ce, "Sista, don Allah gaisuwar nan ta isa haka. Matar nan jininta ya ƙare."

Ta ɗago ta kalle ni. Daidai nan Adda ta yi tari, na ɗebo ruwa a kofi na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Na san dalili, na ajiye kofin a kan ɗan teburin gefen gado na kau da kai, sannan ta ɗauka ta sha. Mu wannan ya zame mana jiki, ko lura ba ma yi. Sista ta lura.

Ta ce, "Malama, me kike ce mata?"

Na ce, "Adda."

"Ita ta haife ki?"

"Ita ta haife ni."

"Ke ce ta fari ke nan." Ta miƙe tana kakkaɓe siket. "To don Allah ki ɗan ba mu wuri."

Tabɗi! Na ce ni? Ni da na ɗauko ta daga ƙauye, na bar 'yan ajina a hannun wata, na bar gidana, ni za a kora? Na ce in akwai wanda ya kamata ya ji abin da ke damun matar nan a duniya, ai ni ce, mace ce ni kamarta, kuma 'yarta. Matan da ke sauran gadajen duk suka zuba mana ido. Sista ta bari na sauke, sannan ta kama gefen mayafina ta ja ni bakin ƙofa.

Ta ce, "Duk na ji. Ni ma 'yar fari ce. Tawa uwar kututturen dawa ya soke ta a ƙafa, ƙafar ta kumbura har tana ruwa, ina nas a lokacin, ina kwana gida ɗaya da ita. Maƙwabciya ta nuna wa, ni ba ta nuna mini ba. Ki zauna a bencin can. In na gama kin ga dama ki ci gaba da faɗan, ina nan."

Ta koma ta yi wa likita magana a hankali, shi ma ya tattara takardunsa ya wuce gado na gaba ba musu. Ɗakin babu labule tsakanin gadaje. Ashe tana da wani tsohon zanen atamfa da take ajiyewa don irin wannan. Ta ɗaure shi tsakanin ƙarfen rataye ruwa da ƙarfen taga, ta shige ciki.

Na zauna a benci ina huci. Daga inda nake ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, Fillanci zalla, ni kuma nawa Fillancin bai wuce na gaisuwa da cinikin nono ba. Suka daɗe. Har dariyar Adda na jiyo sau ɗaya, 'yar gajeriya. Wallahi kishi ne ya kama ni. Matar da ba ta taɓa gani ba sai yau, ga shi ta samu abin da na yi shekara da shekaru ina nema.

Da ta fito, likita ta fara nema. Sannan ta dawo ta zauna kusa da ni a benci. Ta ce Adda ta ba ta izini ta gaya wa likita komai, ni kuma a gaya mini abin da ya kamata in sani, amma ba a gabanta ba. Jini ne irin na mata ya dawo mata bayan ya ɗauke shekaru da yawa. Tun lokacin shuka yake zuba, wani lokaci kaɗan, wani lokaci da yawa. Ta yi niyyar gaya wa auta, sai ta ga cikin autar ya tsufa, ta ƙi tayar mata da hankali. Matar ƙanena suruka ce. Sauran 'ya'yanta maza ne. Ni kuma ni ce.

Sai a lokacin na gane wankin bayan banɗaki.

Sista ta ce abin da ya fi damun Adda ma ba ciwon ba ne, sallarta ce. Tun da abin ya fara ba ta san ko sallar tana karɓuwa ba, in ta yi tana tsoro, in ta bari tana tsoro, kuma babu wanda za ta tambaya. Ta ce ta gaya mata abin da ta sani, kuma za ta aiko wata malama da ke zuwa duba marasa lafiya su zauna su biyu.

Na ce, "Wato ta gwammace ta mutu da ta gaya mini."

Ta ce, "Ba zaɓa ta yi ba, Malama. Bakin ne ba ya buɗuwa. Da kin san sau nawa ta gwada."



Likita ya ce sai an kai ta babban asibiti a Zariya a yi mata hoton ciki, mai yiwuwa kuma a yi tiyata. Amma a yadda take ba za ta kai ko hanya ba sai an ƙara mata jini. Ƙannena biyu suka zo daga gona aka gwada su. Ɗaya nasa bai dace ba, ɗayan bai daɗe da tashi daga ciwon shawara ba, aka ce ba za a ɗauki nasa ba. Aka gwada nawa, ina runtse ido ina salati, aka ce ya dace.

Nan wani tsoron ya taso mini. Matar da ba ta karɓar kofin ruwa daga hannuna, ita ce za ta karɓi jinina? Na sami Sista a ɗan ofishinta na ce a ɗiba a sa mata kawai, a ce na asibiti ne. Ta girgiza kai.

"Ba na sa wa mutum abu a jikinsa ban gaya masa ba. Yau ta yarda da ni ta faɗi abin da ta ɓoye wa kowa. In na yi mata ƙarya ta gane, ba ita kaɗai na rasa ba, duk matan ƙauyenku na rasa."

Na ce, "In ta ƙi fa?"

"In ta ƙi mu nemi wani, Allah ya sa lokaci ya ba mu dama. Amma sai an tambaye ta. Zo ki tsaya a bayan zanen. Kada ki sa baki, in kina iyawa."

Na bi ta. Na tsaya a bayan atamfar nan, ƙafafuna a waje kowa yana gani. Ta shiga ta tsuguna yadda ta yi da safe. Wannan karon da Hausa ta yi magana, kuma ba ta ɓoye ni ba.

Ta ce, "Inna, mutuniyar Makarfi tana nan bayan labule, tana ji. Za a ƙara miki jini kafin a kai ki Zariya. An gwada na yaranki maza, bai yiwu ba. Nata ne ya dace. Ba za a sa miki ba sai kin yarda."

Ina jin ƙarar fanka, ina jin mai rake yana talla a bakin ƙofar asibiti. Na riƙe bakina da hannu, don na san halina.

Can Adda ta ce, "Da yawa za a ɗiba?"

"Leda ɗaya. Ba zai cutar da ita ba."

Sannan na ji muryarta, a hankali, irin wadda take yi wa auta magana da ita.

"Waccan ba ta karya ba. Jiya ma koko kaɗai ta sha, ta bar ƙosan. A ba ta abinci tukuna." Ta ɗan numfasa. "Kuma tsoron allura gare ta tun tana ƙarama. Gonar dawa ta taɓa gudu. Kada a bar ta ita kaɗai."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ranar gonar dawar nan, a ƙauyen kakata abin ya faru, Adda tana gidan mijinta. Ko tana cikin matan da suka tsaya daga nesa, ko ta aika an tambayo mata, ban sani ba, kuma ba ni da hanyar tambaya. Na yi kuka, irin wanda ba a iya yin sa a ɓoye. Sista ta fito ta ɗaga ni tana cewa, "To Malama mai faɗa, ina faɗan ya tafi?" Ta aika aka sayo mini waina da miya, ta tsare ni sai da na cinye. Da aka zo ɗibar jinin ta bar aikinta ta zauna ta riƙe mini hannu, tana ba ni labarin wata saniyar babanta mai harbi, har aka gama.

An yi tiyatar a Zariya, aka cire abin da ya tsiro mata a mahaifa, Allah kuma ya tashi kafaɗunta. Kafin mu tafi Sista ta ba ni shawara in nemi ƙanwar Adda ta bi mu, ita ta riƙa shiga wajen likitoci, ni in tsaya kan abinci da sayen magani. Haka aka yi, kuma ban yi musu ba.

Bayan an kwana biyu na roƙi Sista ta zo makarantarmu ta yi wa 'yan matan aji shida magana. Ta zo da fararen kayanta, ta gaya musu yadda ake ɗora ƙwaryar nono a ka ba ta zube ba, da yadda ake auna jini. Tun daga ranar rabin ajin nas suke so su zama. Biyu daga cikinsu yanzu suna makarantar koyon aikin lafiya, kuma duk hutu sai sun je sun gaishe ta. Ni ma in wata ta ce mini za ta kai tsohuwarta asibiti, tambayar farko da nake yi mata ita ce, ke ce ta nawa?

Adda tana nan da ranta a ƙauye, ta koma tsinkar kuɓewa da faɗa da kaji. Har yau ba ta kira sunana ba, kuma na daina jira. Wancan hutun na je gaishe ta, na durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon ƙwarya. Auta tana nan ta zo da yaranta. Adda ta ce mata, "A tambayi baƙuwa ko za ta ci dambu."

Na ce a ce mata zan ci. Aka kawo, na cinye tas, na nemi ƙari.